Kadan da na saka a tafkin Gidimuni

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, wasu da gangan, wasu kuma haka na tsinci kaina a ciki. Amma wadda ta fi su duka ita ce ta bara, ranar da na miƙe tsaye cikin babbar rigata ta sallah, a gaban ɗaki cike da masu karatu, na buga sanda a ƙasa na ce sai an fito mini da mugun da ke ɓoye cikin wani labari. Na zage shi tas. Na ce ko waye shi, matsoraci ne marar kunya, in yana da rai a nuna mini gidansu. Ashe gidanmu ne. Ni nake nema.

Bari in fara daga inda za a gane. Zamana a lakwal, makarantar boko, shekara uku ne, ta ukun ma rabinta a bayan katanga na yi ta. Ina haɗa baƙi in an ba ni lokaci, wannan rubutun ma kaye, wato littafin rubutu, na biyu ke nan ina fama da shi. Aikin ƙuruciyata shi ne shelar sinima. Lokacin da Damagaram ke da gidan kallo marar rufi, da la'asar nake fita, allo rataye a wuya, afish, takardar tallan fim, manne gaba da baya, ƙararrawa a hannu, in ratsa Zango in faɗa Birni ina gaya wa mutane fim ɗin da za a haska. Rubutun da ke jikin afish ɗin ban iya karanta shi ba. Hoto nake kallo, in tambayi mai injin abin da ya gani, in ƙulla magana ɗaya.

Magana ɗaya, domin lungunan Birni ba su ba ka damar ta biyu. Yashi na jan ƙafa, allo na dukan gwiwa, tsakanin wannan zaure da na gaba taku goma ne ko sha biyu. Abin da ka faɗa a wannan tsakanin, da numfashi ɗaya, shi ne abin da matar da ke bayan katanga za ta ji. In ka tsaya shan iska a tsakiya, ta koma kan turminta. Da daɗewa na koyi gane amsar mutane. In aka ce maka "Madalla," ka yi asara. In aka ce "Allah sarki," ka yi asara an kuma tausaya maka. Amma in wani ya leƙo ya ce "To sai me ya faru?" shi ke nan ka kama shi. Sai ka kaɗa ƙararrawa ka wuce abinka, ba ka amsawa. Amsar tana gidan kallo.

Mai injin nan abokina ne tun muna yara. Kirista ne. Ubansa ya taso daga Gidimuni ya zo Damagaram aikin gidan likita, ya zauna a unguwarmu. Ni ina ce masa Fasto, shi yana ce mini Liman, alhali a cikinmu babu wanda za a iya ba jagorancin ko da mutum biyu. Shi mutum ne mai shiru, mai tsabtar hannu, yana goge injin nan kamar jariri.

Wata shekara ya samu aron ƙaramar kamera wurin wani baƙo da ya zo aikin rijiyoyi. Ya ɗauki hutunsa kaf ya tafi Gidimuni, ya dawo da fim ɗan gajere a cikin gwangwani. Ya yi ta roƙon mai gidan kallo har ya yarda a haska shi sau ɗaya, kafin na Indiya. Sau ɗaya tak. Ya same ni ya ce, "Liman, ka hawo kabin, ɗakin injin nan, gobe da rana in nuna maka, don ka san abin da za ka faɗa." Na ce ina zuwa. Ban je ba, ana dara a ƙofar gidanmu kuma ni ke ci. Da la'asar na tsaya a ƙasan kabin na ɗaga murya na ce me ke ciki. Ya ce, "Tafki ne, da dabino, da mutanenmu suna ban ruwan albasa."

Na ɗauki allo na tafi ina magana da zuciyata. Ni da nake shelar mutum ɗaya ya kwantar da arba'in, yau in shiga Birni ina kiran albasa? A yi mini dariya har a kasuwa? A zaure na farko na kaɗa ƙararrawa na ce, "Kada ya kama mutum a tafkin Gidimuni, an ɗauko shi da kamera ido da ido!" Ko akwai kada a tafkin nan, ko babu, har yau ban sani ba. A fim ɗin dai babu. Ran nan "To sai me ya faru?" ta biyo ni lungu-lungu, ban taɓa jin ta da yawa haka ba.

Gida ya cika har da masu hawa katanga. Ruwa ya fito a bangon da ake haska fim, kwance, dabino na kallon kansa a ciki. Wuri ya yi tsit, kowa na jira. Duk wanda ya matso bakin ruwa da guga sai a ce, "Ga shi nan, ga shi nan!" Can wata tsohuwa ta sunkuya tana wanke ƙwarya, ta ɗago ta yi wa kamera murmushi. Mutane suka ɗauki ihu, "Kada, kama ta! Kama tsohuwar!" Uwar Fasto ce. Fim ya ƙare tsohuwa ba ta ko jiƙa zane ba. Sai takalma da yashi da ƙwallon dabino suka rufe bango.

Fasto ya naɗe fim ɗinsa ya mayar cikin gwangwani. Bai sake taɓa kamera ba. Bai yi mini magana ba har damina ta sauka, sannan wata safiya ya ce, "Liman, ina kwana," muka ci gaba kamar ba a yi ba. Ni kuwa na mayar da abin labarin majalisa. Shekara da shekaru ina ba da shi, ana dariya har da riƙe ciki. A gabansa kaɗai ban taɓa bayarwa ba, kuma na ɗauki wannan a matsayin kirkina.

Gidan kallo ya mutu, ya zama wurin ajiye siminti. Na koma ɗinkin takalma, na tsufa a kai. Sai bara aka aiko mini cewa wani poroje, irin ƙungiyoyin nan masu tallafi, ya shirya formasiyon, horo ke nan, na kwana huɗu ga masu rubuta sanaryo, wato labarin fim a rubuce, kuma ana son tsohon mai shela ya zo. Na ce to, a ƙarshe dai an gane. Na sa aka wanke babbar riga, na nemo ƙararrawata a ƙasan gado, na kwana ina shirya abin da zan koyar. Da na isa, wani Mushe, wato malamin da zai koyar, da ya zo daga Yamai, mai gilashi da ordinatar, kwamfuta ke nan, ya tarbe ni da hannu biyu. Ya sa na kaɗa ƙararrawa, aka tafa, aka ɗauki foto, aka ba ni shayi da burodi. Sannan ya sunkuyo ya ce, "Baba, mun gode ƙwarai. Kabu-kabu na jiranka a waje."

Na ce, "Ya jira."

Na ja kujera na zauna a baya. Sun kira ni ne ado, kamar tsohuwar tukunya da ake ajiyewa a falo, amma ba wanda ya iya cewa tsoho ya tashi. Kwana huɗun nan duk da ni aka yi su.

A nan na gane abin da ya tara su. Kowa ya zo da sanaryonsa, wani kaurinsa ya kai tubali. Amma juri, alƙalan da ke Yamai masu zaɓen wanda za a mayar fim, ba za su buɗe ko ɗaya ba sai sun karanta layi biyu da mai shi ya rubuta a sama. Layi biyun nan in sun kama su, a buɗe. In ba su kama ba, sanaryo ya koma gida a rufe. Mushe na kiran layi biyun da wani suna na Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Na saurara, na saurara, na ce a raina, ai shela ce wannan. Ranar Alhamis da la'asar za a tura su duka ta ordinatar, bayan nan ba gyara.

Cikin masu rubutun har da ɗiyar Fasto. A hannunmu ta girma, yanzu ungozoma ce, da 'ya'yanta manya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na tambaye ta me ta rubuta. Ta ce, "Ɗan labari ne, Baba." Ta ce shekara huɗu tana rubuta shi tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma abin da take so a yi fim ɗin tun babanta yana iya ganin bango, domin idanunsa sun fara tafiya. Tana magana tana kallon ƙasa. Na ce kai, ga yarinya mai tarbiyya.

Rana ta biyu aka fara karanta layukan. Wani malamin lakwal daga Zermu, dogo, mai muryar ladani, ya tashi ya karanta nasa: fim ne mai faɗakarwa a kan muhimmancin zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Mushe ya gyaɗa kai ya ce akwai jigo mai ƙarfi. Daga baya na ce, "Madalla."

Aka juyo. Mutumin Zermu ya ce, "Na gode, Baba."

Na ce, "Kada ka gode, zagi ne. Wa ke cikin fim ɗin? Muhimmanci ne zai fito a bango da rawani?"

Ya ce manomi ne. Na ce me ya same shi. Ya ce saniya ta cinye masa gero, ya kama ta ya ɗaure a gidansa, ya rantse ba zai sake ta ba. Na ce to, mun samu mutum, mun samu abin da yake so, wa ya tare masa hanya? Ya ce ai washegari saniyar ta haihu a gidan, mai ita kuma da ya zo, sai ga shi mutumin da ya taɓa ciro shi daga rijiya. Na ce, "Kana da wannan a aljihu, ka fito mana da muhimmanci? Mutumin Zermu, ka ji tsoron Allah."

Mushe ya ce shi ma can zai je, amma akwai tsari, akwai matakai a tablo, allon da yake rubutu a kai. Na ce tablo ba ya sayen tiken shiga kallo. A ƙofar gidan da ake formasiyon akwai wata mai ƙosai, mace mai baki, ba ruwanta da fim, ba ruwanta da mu. Na ja mutumin Zermu har gabanta, sauran suka biyo mu. Na ce ya faɗi na farko. Ta juya ƙosanta ta ce, "Allah ya ba mu zaman lafiya." Na ce ya faɗi na saniya, da numfashi ɗaya. Ya faɗa. Ta tsaya da matsami a hannu ta ce, "To sai me ya faru? Ya ba shi ɗan maraƙin?" Mutumin Zermu ya buɗe baki zai amsa, na toshe masa da hannu.

Daga ran nan Mushe ya daina ce mini Baba, ya koma ce mini Tsoho. Masu rubutu kuwa kowa sai ya biyo ta kujerata kafin ya je tablo. Na gyara wa mai mutum bakwai a layi ɗaya, na ce ya bar shida a gida. Na hana wata faɗin ƙarshen labarinta. Kaina ya kumbura, babbar riga ta fara yi mini kaɗan. Ɗiyar Fasto kaɗai ba ta zo ba.

Sai ranar Alhamis da safe aka kira ta. Ta tashi da takardarta ta karanta a hankali: labarin wani bawan Allah mai haƙuri, wanda yake ƙaunar garinsu da aikinsa, ya gamu da jarrabawar rayuwa amma bai riƙe kowa a zuciya ba.

Na ce, "Allah sarki."

Ɗaki ya yi dariya, don yanzu sun san ma'anarta. Na ce, "Ɗiyata, wannan ba shela ba ce, ta'aziyya ce. Me mutumin yake so?"

Ta ce, "Yana so mutane su ga wani abu da ya yi da hannunsa."

"To ga shi. Sau nawa zai samu dama?"

"Sau ɗaya."

"Kin ga? Kina da zinariya kina ɓoyewa. Wa ya ɓata masa?"

Ta ce, "Ƙaddara ce, Baba."

A nan na miƙe. Na ce ƙaddara ba ta fitowa a afish, ban taɓa ganin hotonta ba. Na ce shekara huɗu ba a yin su a kan ƙaddara, akwai mutum a labarin nan, mai hannu da ƙafa, kuma tana rufa masa asiri. Na buga sanda. Na yi zagin nan da na faɗa muku a farko, na ƙara da wanda ba zan rubuta ba. Na ce, "Fito mini da shi! Layinki ya mutu saboda kina jin kunyar ɗan iska, juri za su mayar miki da sanaryonki a rufe saboda shi!"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko a kwana huɗu. Ta ce, "Baba, amininsa ne. Mai shela ne. Ya gaya wa gari akwai kada."

Mutumin Zermu, wanda na ba labarin kada da bakina ranar Talata muna shan shayi, ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Na nemi kujera da hannu na zauna. Sandata ta faɗi, ba wanda ya ɗauko.

Ashe abin da ya kashe layinta ke nan. A cikin sanaryo ta rubuta komai, don takarda ba ta da ido. Amma layi biyun da za a karanta a fili, ga abokin ubanta zaune a baya cikin babbar riga, ɗiya ba ta iya buɗe baki ta ce ga abin da ya yi. Tun ranar da ta gan ni na ƙi tafiya ta soke layinta na farko, ta rubuta wannan na haƙuri. Ta zaɓi shekara huɗunta su tafi a banza da ta kunyata ni. Ni kuma ina zaune ina yaba tarbiyyarta.

Mushe ne ya fara farfaɗowa. Idonsa ya yi haske, ya ruga tablo. Ya ce wannan babban abu ne, ba sai an taɓa mutuncin kowa ba. Ya rubuta da Faransanci, ya fassara mana: fim ne da ke wayar da kan jama'a game da illar yaɗa labaran ƙarya a cikin al'umma. Ya ce masu poroje suna son irin wannan sosai a yanzu, sansibilizasiyon ce tsantsa, wato wayar da kai, kuma Tsoho zai fita lafiya, ba a ambaci kowa ba.

Na ga ɗiyar Fasto ta ɗauki bik, wato biro, za ta kwafa. Hanya ce aka buɗe mana mu biyu, ita ta tsira da kunyarta, ni in tsira da rigata.

Na ce, "Ajiye bik ɗin nan."

Na ce, "Mushe, ni ba sansibilizasiyon ba ne. Ni maƙaryaci ne, kuma na ƙware. Na kashe wa mutumin nan fim sau ɗaya da ƙaryar da ta cika gida. Ba za a kashe na ɗiyarsa da gaskiyar da ba mai leƙowa ya ji ta ba. Goge."

Ya ce, "Tsoho, ni nake ba da formasiyon ɗin nan."

Na ce, "Ka ba da shi. Tablo naka ne, alli naka ne. Kada nawa ne."

Bai goge ba, amma ya koma ya zauna. Na jawo kujerata kusa da ita, muka fara. Ta rubuta "wani ma'aikaci," na ce wane irin ma'aikaci, na gidan waya? Ta gyara, mai injin sinima. Ta rubuta "ya samu dama," na ce sa musu dare ɗaya tak, su ji ƙofar tana rufewa. Da muka zo kaina sai hannunta ya tsaya. Ta rubuta cewa amininsa, saboda ƙauna, don ya cika masa gida, ya yi ƙarya.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Haka babana yake faɗa. Kullum haka yake faɗa."

Wannan ta fi zagin da na yi wa kaina zafi. Shekara nawa mutumin nan yana gyara mini labari a gidansa, ni ina sayar da nasa a majalisa. Da na yi shiru, da an tura haka, kuma layin ba zai yi muni ba. Amma na san aikina. Ƙauna tana sa mai sauraro ya ce Allah sarki. Na ce, "Ɗiyata, ba ƙauna ba ce. Ban ko kalli fim ɗin ba. Ya kira ni, ina dara. Kunyar kiran albasa na ji. Rubuta haka."

Ta ce, "Baba, ba zan iya ba."

Na ce, "Kina ciro mutum daga cikin mutum da hannunki, bik ne zai gagare ki? Rubuta, la'asar na zuwa."

Ta rubuta, tana share ido da gefen mayafi. Muka rage, muka yanke, na ƙirga da numfashina har ya shiga. Ga yadda ya tsaya: Mai injin sinima ya samu dare ɗaya tak ya nuna wa garinsu fim ɗin da ya ɗauka da hannunsa, amma amininsa mai shela, wanda bai ko kalle shi ba, ya riga ya yi wa gari alkawarin kadan da babu shi a ciki.

Mushe ya ce a gwada a wurin mai ƙosan, tunda ita ce juri yanzu. Da gatse ya faɗa. Na ce ni zan faɗa da kaina. Na ɗauki ƙararrawa na fita, na ja baya taku goma sha biyu cikin yashi, na taho ina faɗa. Numfashin tsoho ba na saurayi ba ne, kalmar ƙarshe da ƙyar ta fita, amma ta fita.

Mai ƙosai ta ajiye matsami ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Kai ne? Tsohon banza, kai ne mai kadan nan? Uwata ta je kallon, takalminta ɗaya can ya kwana." Aka fashe da dariya, ni ma na buɗe baki zan karɓe, don na saba a nan nake cin riba. Sai ta juya wajen ɗiyar Fasto ta ce, "To shi mai injin fa, sai me ya faru da shi?"

Duk shekarun da na yi ina ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na kaɗa ƙararrawa na koma ciki.

Mushe ya mayar da layin Faransanci. Na sa mutumin Zermu ya tsaya a kansa ya sake mayar mini da shi Hausa, kalma kalma, don kada a sako mini wayar da kai ta bayan gida. Bai sako ba. Ya tura kafin kiran sallah, kuma da zan tafi ya miƙo mini hannu ya ce, "Sai wani jiƙon, Baba." An ba kowa takardar shaida ban da ni. Ban nema ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ɗiyar Fasto ta zo rumfata da kanta, da rigar aiki a jikinta. Ta ce an kira daga Yamai, sun buɗe sanaryon, suna son magana da ita. Ko za a yi fim ɗin, ko ba za a yi ba, ba ta sani ba tukuna, har yau da nake rubutun nan ma ana ta kai da kawo. Amma an buɗe. Ta ce kuma ta karanta wa babanta layin, yadda yake, ba ta rage komai ba. Yana kirana.

Na yi kwana uku ina neman dalilin ƙin zuwa, ban samu ba. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na je. Yana zaune a inuwar zaure a kan kujerarsa ta ƙarfe, fuskarsa wajen haske. Ya gane ni da takun sanda.

Ya ce, "Liman."

Na ce, "Fasto."

"An ce ka zama Mushe, kana koyarwa."

"An ce dai."

"An ce dara kake yi ran nan."

Na ce, "Kuma ni ke ci."

Ya yi dariya har ta zama tari. Na zo da magana a baki, na shirya ta tun daga gida, da numfashi ɗaya kamar yadda na iya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya sa aka kawo ruwa, muka sha, muka yi zancen ciwon gwiwa da tsadar gero da waɗanda suka mutu. Da na tashi tafiya ya kama bakin rigata. Ya ce, "Ka san wani abu? Ni na ɗauki fim ɗin nan da hannuna, na san kowane ɗigon ruwa da ke ciki. Amma ran nan da na jiyo shelarka daga kabin, da na kunna injin, ni ma sai da na tsaya ina jiran kadan ya fito."